Tsakuwa Ɗaya Daga Dutsenmu

Arizona, Disamba 1991

Yaya Jacob,

Ina gaisuwa. Yaya jikin Mama, da baƙuncin wurin da aka mayar da ku? Ni lafiya lau, abinci ne dai ba ya shiga.

Jiya na tsara darussan da suka rage mini a kwaleji kafin in wuce jami'a karatun duwatsu. Malamata ta ce in yi rahoton farko kan dutsen da na fi sani. Na zaɓi na bayan gidanmu a Garki, wanda Baba ke kwance a gindinsa. Yau wasiƙarka ta iso, wai an fasa shi, an zuba a titin sabon birni.

Don Allah tsinto mini tsakuwa ɗaya ka aiko. Kada ka wanke ƙasar jikinta.

Ƙaninka,
Innocent