Daminar da Ta Dawo

Akébé, Libreville,
Nuwamba, 1981.

Zuwa ga aminiyata Ƙulu,

Gaisuwa mai yawa da begen ganin fuskarki. Ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gidanku. Idan kin shiga gidanmu ki gaishe min da Inna, ki duba min ko ƙafar nan tata ta daina kumburi. Mu muna nan lafiya, sai dai ruwa.

Kada ki ji na ce ruwa ki ɗauka irin namu ne. Na zo garin nan a watan Yuli na tarar da sama a rufe kamar an kifa ƙwarya, ba rana ba ruwa, aka ce min wai rani ke nan. Yanzu da ku kuka gama girbi, sai mu damina ta zauna. Hadarin nan ba ya gangami ya ba mutum damar kwashe shanya. Daga teku yake tasowa, kafin ki ɗaura ɗankwali gari ya yi duhu. Da azahar muke kunna lantarki, in an ɗauke sai fitilar ƙwai. Idan yana dukan kwanon ɗakinmu ko kiran salla ba na ji, sai in kintaci lokaci in yi.

Gishiri ya narke a gwangwani. Kukar da Inna ta daka min ta dunƙule. Takalmin lefena ya yi fumfuna. Amma abin da ya fi ci min rai shi ne littattafan da kika ba ni, don su ne abokan zamana a cikin duhun nan. Mai koren bangon nan, wanda yarinyar take jiran malamin makaranta, ina cikin karanta shi na tarar shafukan ƙarshe sun manne da juna. Na gwada da allura, takarda ta fara yagewa, na bari. Don Allah ki rubuto min yadda ya ƙare.

Akwai maganar da ba zan iya rubuta wa Inna ba, ke za ki san yadda za ki faɗa mata. Ina ɗauke da juna biyu. Gwaggo Djaïba, wata dattijuwa 'yar Garwa da ɗakinta yake kallon namu, ita ta fara ganewa, ta ce sai wajen Afrilu. Ƙulu, ba ni da wani buri sai in zo gida goyon ciki kamar kowace 'ya, in sauka a ɗakin Inna, ita ta yi min wanka da hannunta.

Shi maigidan kin san shi, magana kamar da kuɗi yake saye. Ga kunyar ɗan fari, bai taɓa ambaton abin da bakinsa ba. Yana neman laimarsa a bayan ƙofa ya ce, “Idan ruwa ya ɗauke Aïssatou za ta tafi Garwa, sai ki bi ta.” Aïssatou matar abokinsa Bouba ce, mai babbar motar kaya. Daga Garwa sai Yaya Audi ya zo ya ɗauke ni. Hanyar daji ce, da damina ba ta biyuwa. Jirgin sama kuma takardar zamana ba ta fito ba tukuna.

Na yi lissafi, damina ai wata huɗu ce, ke nan cikin Janairu ina hanya. Abin da ban gane ba shi ne ko yana farin ciki. A littafi miji yakan riƙe hannun matar, idonsa ya ciko. Nawa da sassafe yake tafiya butik ɗinsa, wato kanti, ya dawo jagab, ya ce garin fetur ne, kowa da kuɗi a hannu, ba a rufe ƙofa.

Ki gai da duk mai tambayata.

Taki har kullum,
Jamilatu.

Akébé,
Janairu, 1982.

Ƙulu tawa,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ya jikin Inna? Na gode da kika isar da saƙona, na kuma ji addu'ar da ta yi.

Albishirinki, ruwa ya ɗauke! Rana ta fito tar, har sabbin benayen unguwar Plaine Orety muna hango ƙyallinsu daga tudunmu. Na fito da komai tsakar gida, katifa da zannuwa da littattafai. Mai koren bangon dai ya ƙi buɗewa, ya bushe a manne.

Amma raina ba daɗi. Rana ba ta yi mako da fitowa ba sai ga maigidan ya dawo da hantsi, abin da bai taɓa yi ba, ya ce in haɗa kayana, motar Bouba za ta tashi daga tashar PK8 jibi. Jibi fa, Ƙulu! Ban ɗinka komai ba, ban sayi tsaraba ba. Ta yaya zan shiga unguwa daga Gabon hannu rabbana, a ce ga matar mai kanti a ƙasar fetur ko sabulu ba ta kawo ba? Na ce ya bari ƙasa ta ƙara bushewa, in bi tafiyar Bouba ta gaba. Sai ya ce wai ruwan zai dawo. Na yi dariya. Na ce tun da Allah ya yi ni ban taɓa jin daminar da ta tafi ta manta wani abu ta dawo ɗauka ba. Gwaggo ma ta leƙo ta ce, “'Yar nan, wannan ƙaramin rani ne, ki bi mota.” Amma ita ai kullum bayansa take bi, ɗan lelenta ne.

Kin tuna ɗan siririn littafin nan da mijin ya yi ta gaggawar mai da matar gidansu, ashe gajiya ya yi da ita? Shi ya faɗo min a rai. Mutumin da bai taɓa cewa zai yi kewata ba, yau shi ne har da ɗauko min akwati daga saman kabad. Na zauna a kan akwatin na yi kuka, na ce in korata yake yi ya faɗa. Ya kalle ni, ya fita. Aïssatou ta tafi ba ni.

Na zaci zai yi fushi, ko ya lallashe ni. Ko ɗaya bai yi ba. Washegari ya shigo da buhun guntayen katako daga wurin kafintocin bakin titi, ya zube a rana, daidai inda nake shanya. Tun daga ranar kullum sai ya kawo. Na tambaye shi na mene ne, ya ce zai yi amfani. Risho muke girki da shi, Ƙulu. Ke da kika fi ni karatu, kin taɓa ganin haka a wani littafi?

Ki ce wa Inna ta sa rai da ni ƙarshen wata mai zuwa.

Taki,
Jamilatu.

Akébé,
Maris, 1982.

Zuwa ga Ƙulu,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Allah ya sa kuna lafiya. Ni jikina lafiya, sai nauyi.

Ruwan ya dawo. Ban san yadda zan rubuta miki ba. Ina tsugune ina tsintar shinkafa wata ranar Laraba na ga inuwar bango ta ɓace, na ɗaga kai, sai ga hadari baƙi ƙirin daga wajen teku. Tun daga nan bai tsaya ba, har ya fi na farko. Kwatar da ke bayan gidanmu ta zama kogi, ina ganin takalman mutane da tukwane suna wucewa. Bouba yana can ya maƙale a hanya. An ce gada ta tafi, sai watan Yuni. Takardata ta fito, amma masu jirgi sun ce ba sa ɗaukar mai ciki tsoho kamar nawa.

Ke nan ba zan zo ba. Na rubuta, na kalli rubutun, har yanzu ban yarda ba. Wa zai yi min wanka? Wa zai dama min kunun kanwa? Matan garin nan an ce daga asibiti sai gida, ruwan famfo kawai. Ina tuna yadda Inna take cewa mace in ba ta gasu ba sanyi ya shige ta ke nan har tsufa. To ni da nake cikin sanyi tun ban haihu ba?

Maigidan bai ce min “na faɗa miki” ba. Da ya faɗa da na sami abin yin faɗa a kai. Katakon nan kuwa duk ya shigo da shi ɗaki. Ƙarƙashin gado katako, bayan ƙofa katako, saman kabad katako. Ya sauke littattafaina daga kan kanta ya jera guntayen a wurin, wai can ne danshi ba ya kaiwa. Ya lulluɓe su da leda kamar kayan lefe. Jiya ɗigo ya ɓullo a rufi, Ƙulu, mutumin nan ya janye katako ya bar gefen katifata yana jiƙewa, sai daga baya ya tuna da ni.

Na yi tunani iri-iri. Ko kanti ne ya karye yana ɓoye min, zai koma sayar da itace? Amma ga kaya yana saro wa kullum. Ko horo yake yi min? Har na yi tunanin ko ruwan garin nan yana taɓa kan mutum, don ni ma wani lokaci sai in rasa safiya ce ko yamma. Da rana nakan je ɗakin Gwaggo mu kunna turaren wuta mu zauna, tana saƙa hula ina karanta mata littafin da ya rage, tana cewa mutanen ciki ba su da aikin yi.

Wasiƙarki ta iso a jiƙe. Daidai inda kika fara ba ni ƙarshen labarin, tawada ta narke. Na ga “sai malamin ya”, daga nan sai shuɗi.

Ku sa ni a addu'a.

Jamilatu.

Akébé,
Mayu, 1982.

Aminiyata Ƙulu,

Gaisuwa da godiya ga Allah. Ina fatan saƙon da maigidan ya aika ta hannun mutanen Fagge ya riga wannan isowa. Na sauka lafiya, mace. Ki rungume min Inna.

Bari in ba ki labarin katako. Ana saura kwanaki in haihu na yi tuntuɓe da shi, haƙurina ya ƙare, na tafi ɗakin Gwaggo na zazzage mata komai, har da maganar taɓin kai. Ta ajiye allura ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, “Kayya, 'yar boko! A garinku wa yake sayen itacen wankan jego, ba miji ba? Can ya aika da kuɗi a sauke kaya a ƙofar gida. Nan a cikin ruwan nan, ina zai sami busasshen itace na kwana arba'in in bai tara tun da rana ba?” Ashe ranar da Aïssatou ta tafi ya je ya durƙusa wa Gwaggo, ya kasa faɗin abin da ya kawo shi, yana ta sosa ƙeya, sai ita ta faɗa masa. Ita ta ce masa ta yi wa mata da yawa wanka a garin nan, ya kawo itace da gero, kanwa tana da ita.

Na koma ɗaki na zauna ina kallon katakon. Da ya dawo na so in ce wani abu, ni ma sai kunya ta kama ni. Na ce, “Sannu da itace.” Ya ce, “Yawwa.” Iyakar hirar ke nan.

Ya kafa rumfar kwano a bayan ɗaki, ya samo rabin duro. Safe da yamma Gwaggo tana tafasa ruwa, sama tana zubar da nata. Ba darbejiya a nan, da ganyen mangwaro take fyaɗa min, kuma wallahi hannunta ya fi na Inna zafi, kada ki faɗa mata. Ina ihu tana cewa, “Yi da ƙarfi, kwano ya rufa miki asiri.” Katakon wata bishiyar dajin nan ne mai ƙaro, in yana ci ƙamshi yake kamar turare. Ranar farko na yi kukan rashin Inna sosai. Har yanzu nakan yi. Amma na gasu, Ƙulu, ki tabbatar mata na gasu.

Littafin nan mai koren bango kuma ya buɗe. Na bar shi a gefen murhu, tururi ya bi shi, shafukan suka saki. Malamin ya dawo da mota, ya yi magana shafi uku, kowa ya yi kuka. Ya yi daɗi. Sai dai na juya baya na duba, duk littafin ba inda wani ya ɗauko ko da ƙirare ɗaya. Ban san abin da zan yi da wannan ba.

An ce wata mai zuwa rani zai shigo, rana kuma ta ɓuya. Na daina tambaya. Idan hanya ta bushe za mu zo ku ga jaririyar, kuma wannan karon ranar da aka ce in hau mota zan hau, ko da tsaraba ko babu.

Sunan Inna aka sa mata, don haka dole a sakaya. Gwaggo ta ce ai ta zo da sunanta, tunda ranar da aka haife ta sai da aka ɗauke ni a hannu aka tsallake ruwa zuwa taksi. Marka ake kiranta. Na san Inna za ta ce wace irin Marka ce a watan Afrilu, lokacin da ku kuke kwana a tsakar gida saboda zafi. Ki ce mata ni ma ban gane ba, amma da idona na gani.

Gwaggo tana gaisuwa. Shi ma ya ce a gaishe ku, da bakinsa.

Taki mai ƙaunarki,
Jamilatu.