Bugu Biyu a Rufin Mota

Al Karama, Dubai

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba Direba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ban girma, irin wadda ɗiya ke durƙusawa ta miƙa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Na san ba a aika wasiƙa inda kake. Amma an sake yin tseren motocin nan a bayan gari, bana ba a bar ’yan kallo sun shiga ba saboda annoba. Na bi ta gefen filin, na sauke gilashi, ƙarar ta shigo motata, sai kawai na ji ina son magana da kai.

Baba, kai ka koya mini sauraren inji tun ina ƙarama, amma sitiyari ko a mafarki ba ka bar ni na taɓa ba. Ba ni kaɗai ba. Yaya Sabo, babban ɗanka, har ya tara iyali yana tuƙa motocin mutane, bas ɗinka kuwa sai dai ya wanke. Kullum maganarka ɗaya ce: mota hannu ɗaya ta sani. Kuma kafin ka ɗauki hanyar Maiduguri sai ka buga rufinta sau biyu da tafin hannu, ka yi bismillah, sannan ka shiga. Ba wanda ke yi mata wannan bugun sai kai.

Shekarar 2016 ce na kamu da son tseren juriya, wanda mota ke yini tana gudu, wani lokaci ta kwana ta wuni. Ofishinmu na aika kayan gyaran mota yana Ras Al Khor, inda kowa ke da bakin magana a kan inji, ni kuma na gaji naka. Cikin azumin shekarar, ana dab da shan ruwa, na kira ka ina ba ka labarin motar Japan da ta yi gaba a babban tseren Faransa, saura ’yan mintuna ta ci, sai ta tsaya cak a gaban jama’a. Na ce maka duniya ta tausaya wa direban. Sai ka ce ai ya more, tunda a kan sitiyari abin ya same shi, kai ma haka kake roƙo. Na yi dariya a lokacin. Daga baya maganar ta hana ni sukuni.

Da sanyi ya fara shigowa ka zo wurina duba ido. Likitan ya ce hawan jinin ido ya cinye ganinka na gefe, kuma ba ya dawowa. Abin da ke gabanka kana ganinsa tangaran, amma mai babur ko akuyar da za ta ɓullo daga gefe, sai dai ka ji ta a jikin mota. Ya ɗaga hannu ya ce tuƙi khalas, wato ya ƙare. Muna fitowa ka ce yaron nan ya san ido, amma bai san hanyar Maiduguri ba, hanyar da za ka iya bi idonka a rufe. Abin da nake tsoro ke nan, Baba. Bas tana jiranka a Kano, kuma ba kai kaɗai kake shigarta ba.

Na roƙa ka ajiye tuƙi, Inna ta roƙa ta waya, Yaya Sabo ko roƙon bai iya ba. Kai kuwa ko a motata ba ka yarda ka zauna gaba. Sai ka shige baya ka runtse ido kana hailala, ƙafarka na taka birkin da babu shi, har tabarmar ƙasa ta lotsa a wurin. Har yau ban canza ta ba.

A falon nan muka kalli tseren ƙarshe na kakar, wanda aka yi a Bahrain. Wani kamfanin Jamus da ya daɗe yana cin kofi ya ce daga wannan ya ajiye, kuma motarsa ce ta zo ta ɗaya. Makanikai ƙarti suna rungume da juna suna kuka. Na saci kallonka ko darasin zai shiga. Ka kurɓi shayinka ka ce mai lafiya ba ya ajiye aiki. Da ka ga kuma direbobi uku ne ke karɓa-karɓa a mota ɗaya, ka ce wannan ba tuƙi ba ne, aro ne.

Sai watan Janairu ya zo da namu tseren na Dubai, na awa ashirin da huɗu. Mun je ne washegarin farawa, da hantsi. Ina tuna ranar kamar abin da na gani a barci. Hazo mai laushi ya kwanta a kan rairayi, dogayen gine-ginen gari suna can nesa kamar an zana su da toka. Motocin da suka kwana gudu sun yi duƙun-duƙun, wata da ido ɗaya, wata an ɗaure mata gaba da salatif, suna wucewa suna dawowa, ƙararsu tana shiga ƙirji ta zauna. Iska na kawo ƙaurin taya da ƙamshin gahawa. Ka cire hularka ka ɗora a gwiwa, ka jingina, kana gyaɗa kai duk sanda wata ta sauya giya da kyau. Na daɗe ban ga fuskarka ta saki haka ba.

Wurin zamanmu yana kallon rumfar da motoci ke tsayawa shan mai, daidai inda idonka ke iya gani. Wata shuɗiyar mota ta shigo. Direban ya fito da ƙyar, wani ya faɗa ciki. Amma wanda ya fito bai tafi ba. Ya sunkuya ya ja wa wanda ya shiga bel ɗin kujera, ya ɗaure masa tamau, ya rufe ƙofa, sannan ya buga rufin motar sau biyu da tafin hannu. Ta tashi. Ya cire hular kwano, sai ga furfura fes, ta fi taka yawa.

Na ji ka ja numfashi. Tun daga nan ba ka ƙara kallon hanya ba, shi kake kallo. Ya zauna a kan tsohuwar taya da gorar ruwa, duk sanda shuɗiyar ta gifta sai ya ɗaga kai ya raka ta da ido. Da aka kaɗa tutar ƙarshe bayan azahar, motarsu ba ta ɗaya ta zo ba, amma ta iso, kuma har da shi aka hau katanga ana murna. Ka taɓa ni ka tambaya, shi wanda ya sauka tun da safe, shi ma za a ce ya kai ta? Na ce e, Baba, sunansa na nan a jikin ƙofa. 

A wurin ajiye motoci na nufi buɗe maka baya, sai ka riga ni zuwa ƙofar direba. Gabana ya faɗi, na ɗauka makulli za ka karɓa. Ka buɗe ka ce in shiga. Ka laluba bel ɗin ka ɗaure mini, ka rufe ƙofa. Sai na ji bugu biyu a saman kaina. Ka zagayo ka zauna gaba, ido a buɗe, ka ce yalla, direba, mu je gida. Ban san yadda na ga hanya ba don hawaye, kai kuma ka yi kamar ba ka lura ba, sai faɗa kake ina matse wa na gabana.

Da ka koma Kano, haka ka yi wa Yaya Sabo a tasha, a gaban tsofaffin abokan aikinka. Daga ranar, duk safiyar da zai ɗauki hanya sai ka je ka yi masa bugun nan, ka koma benci ka zauna har bas ta ɓace.

Ka tafi lokacin da jirage ba sa tashi saboda annoba, ban samu ganinka ba. Wannan ciwon yana nan, ba zan ɓoye maka ba. Yaya ya ce a bas ɗinka aka kai ka makwanci, shi ya tuƙa. Ya ce da aka sa makara aka rufe, ya kunna mota ya zauna yana jiran bugun, jama’a na kallonsa, kafin ya tuna babu mai bugawa. Sai ya miƙa hannu ta taga ya buga da kansa.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya gafarta maka. Ya mayar maka da ganinka cikakke, gaba da gefe. Kamar yadda ka sauke bayinSa lafiya shekara da shekaru, kai ma Ya sauke ka lafiya a Aljanna. Amin.

Bas tana nan kan hanya, kuma Yaya ya hana a goge sunanka daga jikin ƙofa.

Taka har kullum,
Direbarka, Hadiza