Ƴar Taga da Jadawalin Sau

Litinin, 15 ga Satumba

An ba ni aji! Nawa, ni kaɗai. Aji uku, rukuni na biyu: yara hamsin da huɗu, benci goma sha takwas, allo ɗaya mai tsaga a kusurwa. Hedimasta ya ce wata uku zan yi na gwaji, in na yi abin kirki a tabbatar da ni a aiki. Babban aikina a zangon nan jadawalin sau ne, daga sau biyu har sau goma sha biyu. Na ce, "An gama, ranka ya daɗe," da wata murya da ban san ina da ita ba.

Na dawo gida da alli har a gira. Umma ta ƙare mini kallo ta ce, "Auta, koyarwa kika je ko niƙa?"

Laraba, 17 ga Satumba

Na yi wa sau biyu waƙa. Jiya ina wanke-wanke ta zo mini: tafi biyu, a buga benci sau ɗaya, sai amsa. Biyu sau ɗaya, biyu! Biyu sau biyu, huɗu! Kafin a fita tara yara sun ɗauke ta, har wasu na taka rawa a zaune. Malama Babba, mai ajin da ke jikin nawa, shekararta ashirin da biyu tana koyarwa, ta leƙo ta ce, "A hankali, ƙanwata, rufin nan tsoho ne." Amma murmushi take yi. Na gani.

Juma'a, 19 ga Satumba

Sau biyu ta zauna daram. Muryata ta dishe, ko a jikina.

Talata, 23 ga Satumba

Sau uku. Na fara sanin su ɗaya-ɗaya. Akwai Mai Giɓi, haƙoransa biyu na gaba sun fita, amma ya fi kowa ƙara, kuma tambaya ba ta ƙare masa. Akwai Tagwaye, mata, komai tare suke amsawa, har kuskure.

Sai kuma wata a bencin ƙarshe, gefen taga. Ƴar Taga nake ce mata a raina. Bakinta ba ya motsi in ana waƙa. Idonta kullum a kan taga, wani lokaci har da karkata kai kamar mai ciwon wuya. Tagwaye sun ce in'ina gare ta, in ta yi magana dariya ake yi. To, in'ina daban, kallon waje daban. Na sa ta tsayuwa har aka buga ƙararrawa. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma dube ni ba.

Asabar, 27 ga Satumba

Na kai wa Yaya abinci shagonsa. Yana kan keken ɗinki, ina ba shi labarin waƙata, har da tafin. Bai ɗago ba ya ce, "To Malama ƙarama, bakwai sau takwas?"

Na ba shi amsa daidai. Amma sai da na rero daga sama a zuciyata, bakwai sau ɗaya, bakwai sau biyu, har na iso. Bai lura ba. Ina jin bai lura ba.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Mai duba makarantu za ta zo ranar ashirin da tara ga wata! Hedimasta ya ce rahotonta ne zai yanke maganar tabbatar da ni. Muna sau biyar, Malama Babba tana sau bakwai. Ta bango nake jin su. Zan kamo ta, wallahi zan kamo ta.

Litinin, 6 ga Oktoba

Ban san me ya kai ni ba. Mun gama waƙa tas, ina ta jin daɗi, sai na ce bari in ɗan yi musu wasa. Na ce, "Kaji shida, ƙafafunsu nawa?"

Rabin aji: "Shida!" Sauran: "Biyu!" Mai Giɓi ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, kajin na waye?"

Na yi dariyar yaƙe. Na ce biyar sau huɗu fa? Sai suka soma daga farko, biyar sau ɗaya, da tafinsu da komai. In ba daga sama suka taho ba, ba sa sanin hanya. Mako uku ina koya musu waƙa, na ɗauka lissafi nake koyarwa.

Ina zagaya benci na ga littafin Ƴar Taga a buɗe. Ta rubuta 12, ɗan ƙarami, a can ƙasan shafi, ta sa hannu ta rufe rabinsa.

Talata, 7 ga Oktoba

Sai na rubuta wannan kafin in ci abinci, kada wani abu ya kuɓuce mini.

Na tsayar da ita bayan an tashi. Ta ɗauka hukunci ne, ta rungume jakarta. Na ce, "Me kike kallo a waje kullum?" Ta girgiza kai. Ta taɓa ƙarfen tagar. Ashe ba waje take kallo ba! Ƙarfen an yi masa walda gida-gida, layi huɗu, kowane layi gida shida. Ta bi su da yatsa. Ta daɗe kafin maganar ta fito, na cije leɓe don kada in ƙarasa mata. "Hu-huɗu sau shida." Sai ta kwantar da kanta a kafaɗa, ta sake duban tagar a karkace. "Shida sau hu-huɗu. Ɗa-ɗaya ne, Malama. Tagar ba ta ca-canza ba."

Na kwantar da nawa kan. Ni, da takardar shaidar malanta a akwati. Na san huɗu sau shida da shida sau huɗu amsarsu ɗaya, an faɗa mini, na haddace, na ci jarrabawa da shi. Amma ban taɓa ganinsa da idona ba sai yau.

Kuma a kan wannan na sa ta tsayuwa.

Na ce mata ta yi haƙuri. Ta dube ni kamar na yi wani yare, ta fita da gudu.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na kwaso gwangwanin maɓallan Yaya, wanda ake tarawa tun Baba na da rai yana riƙe da shagon. Ya ce, "In guda ya ɓata, rigar bikinki da igiya za a ɗaure ta." Na raba wa kowane benci hannu guda. Na ce su jera layi uku, huɗu-huɗu. Su ƙirga. Sannan su tashi su koma ɗaya gefen bencin su sake dubawa.

Ihu! Tagwaye suka yi tsalle tare: "Malama, ya juye amma bai ƙaru ba!" Mai Giɓi ya zagaya benci sau biyar yana neman inda zai kama maɓallan suna ƙarya. Kajin nan shida ma yau sun samu ƙafafunsu, sha biyu cif.

Na dawo ina waƙa a hanya kamar wadda aka yi wa albishir.

Talata, 14 ga Oktoba

Hedimasta ya shigo muna tsaka da jeri, maɓalli ya gangaro har gaban takalminsa. "Malama, aji ne wannan ko shagon tela?" A ofis ya ce shi ba ya ƙin dabara, amma manhaja ta ce sau goma sha biyu, kuma mai dubawa minti ashirin za ta yi a aji, abin da kunnenta ya ji shi za ta rubuta. Sau nawa muke? Na ce biyar. Ya cire tabarau ya murza ido.

Malama Babba ta tare ni a baranda. "Ƙanwata, ki rera musu, ki karɓi takardarki. Fahimta ta zo daga baya. Ni ma haka na yi." Ba da mugunta ta faɗa ba, har hannuna ta riƙe. Ajinta na sau tara.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Kwana biyu gwangwani na cikin durowa. Waƙa zalla. Mun kai sau takwas da baki, rufi na amsawa. Ƴar Taga ta koma shirunta. Ba ta ma kallon tagar, benci take kallo.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Na zuba wa miya gishiri sau biyu. Umma ta ɗanɗana ta ce, "Wannan sau biyun kam ko ni na gane shi." Yaya ya kusa shaƙewa don dariya. Daga baya ta tambaye ni abin da ke damuna, na faɗa mata duka. Ba ta ce in yi kaza ba. Ta dai ce, "Ranar maɓallan nan kin dawo kina waƙa. Shekaranjiya ko sallama ban ji ba."

Litinin, 20 ga Oktoba

Na fito da gwangwani. Maɓallai ba sa isa lissafi mai yawa, na sa kowa ya tsinto tsakuwa cikin aljihu. Minti goma waƙa, sauran jeri. Mun koma sau shida, a nan za mu tsaya har ta zauna. Abin da zai faru ya faru.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Wace irin rana! Mai Giɓi ya manta shida sau shida, maimakon ya soma daga sama sai ya ce, "Biyar sau shida talatin ne, sai in ƙara layi ɗaya." Shi da kansa! Wata ƴar shiru-shiru a gaba ta gano duk amsoshin sau biyar da biyar ko sifili suke ƙarewa, ta zo tana raɗa mini kamar ta tsinci abin wani. Ƴar Taga kuma ta ba da amsa da baki, a gaban kowa. Wani ya fara ƙyalƙyala, Tagwaye suka juyo tare suka harare shi, ya haɗiye abarsa.

Laraba, 29 ga Oktoba

Mai dubawa ta zo. Dattijuwa ce, ga jaka ƙatuwa, ga fuska ba a karanta komai a kanta. Ta fara da ajin Malama Babba, muna ji ta bango har sau goma sha biyu, ko tuntuɓe babu.

Ta shigo namu, Hedimasta na biye. Ta zauna a kujerata ta ce su karanto. Sun karanto har sau shida, tsaf. "Sau bakwai?" Wasu suka fara, suka sarƙe a tsakiya, suka yi shiru. Na ce, "Ba ta zauna ba tukuna, ranki ya daɗe. A shida muke." Ta rubuta. Hedimasta ya tsura wa takalminsa ido.

Ta dubi tsakuwar da ke kan benci. Ta ce, "Wannan fa?" Na fara bayani, ta ɗaga mini hannu. Ta juya ga yara: "Bakwai sau tara. Ba a koya muku ba, na sani. Akwai mai gwadawa?"

Sai ƙarar tsakuwa ko'ina, kaca-kaca, kowane benci na jeri. Hannu ɗaya ya tashi a can baya. Bai taɓa tashi ba tun da na zo makarantar nan.

"Si-si-si..." Ta maƙale. Na ji kamar in shige ƙasa, ba don kaina ba, don ita. Ba wanda ya yi dariya, ko Mai Giɓi bai motsa ba. Dattijuwar nan ta ajiye bironta ta jira. "Sittin da uku."

"Yaya aka yi kika sani?"

Ta fito gaban allo. Ta zana taga, layi bakwai, gida tara-tara. Ta ja layi ta raba ta, biyar a sama, biyu a ƙasa. Ta rubuta 45 a babban ɓangaren, 18 a ƙaramin, ta haɗa. Ta ajiye alli ta koma wurinta ba ta kalli kowa ba.

Mai dubawa ta ce, "Uhm." Shi ke nan. Uhm! Ta yi ta rubutu har shafi ya cika. Da suka fita yara suka fashe da tafi, ni ma na taya su, ban tsaya jin ko sun yi nisa ba.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Rahoto ya iso. Ban kammala manhaja ba, don haka an ƙara mini zango ɗaya na gwaji. A ƙasa ta rubuta da hannunta cewa kada a hana ni hanyar da nake bi. Hedimasta ya karanta mini wannan layin sau biyu, ban sani ba ko don ni ko don kansa.

Na yi kuka a bayan ofis, kamar minti biyar. Aka buga ƙararrawa na wanke fuska, don mun bar bakwai sau huɗu a jere kan benci.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Hedimasta ya kira ni. Malamar aji biyar za ta tafi hutun haihuwa, yana so ya ba ni ajinta zango mai zuwa. Yaran sun san jadawali tuntuni, manhajarsu ba wuya a gama ta, takardata za ta fito ba gardama. Ya ce taimakona yake son yi, kuma na yarda da gaske yake. Aji uku sai a haɗa wa Malama Babba. Na ce na gode, ranka ya daɗe, zan yi shawara da Umma.

Mun ci abinci da Umma, mun yi hira har ta gaji da ni. Ban ɗauko maganar ba. Mantuwa ce, ina ji.

Litinin za mu shiga sau takwas. Takwas sau goma sha biyu tsakuwa casa'in da shida ne, bencin ba zai ɗauka ba, sai dai mu ture su gefe mu jera a ƙasa. Sau tara kuwa ba za mu kai ba sai bayan hutu, na riga na tsara yadda za mu fara ta.