Kada Ku Ɗora Ruwa Sai Debora Ta Saurara

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ni Halimatu Sadiya, uwar Lukuman da Anas da Kulu, ni na rubuta wannan da hannuna a gidan Lukuman da ke Tudun Wada, Gusau, cikin watan Rajab na shekarar 1999. Hankalina garau yake. Zuciyar ce mai wasa da aikinta, ba kan ba. Wanda ya ga rubutun a karkace, ya tuhumi ajin yaƙi da jahilci na Bungudu.

Jikoki za su karanta wata rana, don haka bari in faɗi mafari. Bara da kaka na faɗi a tsakar gidan Anas a Kwatarkwashi. Aka taɓa wuya, aka taɓa ƙirji, shiru. Anas ya sayo likkafani, ya sa aka haƙa kabari, mata suka ɗora ruwan wanka. Ruwan bai gama ɗumi ba na yi atishawa na nemi gorona. Kabarin bai yi asara ba, washegari tsoho Jibo ya shige abinsa ko sallama bai yi mini ba. Allah ya jiƙansa.

Da azumi Lukuman ya kai ni Umara, likita a Jidda ya tsaga fata sama da nonon hagu ya saka mini 'yar na'ura kamar ɗan yatsa. Ba magani ba ce, 'yar saurare ce. Tana riƙe yadda zuciya ke bugawa, don a gane abin da ke sa ta tsaya ta huta kamar jaki a hawan dutse. Da azumin bana za mu koma a karanta ta. In na kai, madalla. Amma sumar ta yawaita, shi ya sa nake wannan rubutu.

Na ɗaya. In na faɗi, a ɗauko madannin nan mai kamar kwalin ashana da ke rataye a wuyana, a aza shi kan na'urar a danna don ta riƙe bugun lokacin, sannan a yi salati. Kada a yayyafa mini ruwan rubutu a hanci. Wancan karon shi ya kusa cika aikin.

Na biyu, kuma shi ne babba. Ko na yi sanyi kamar randa, kada a ɗora ruwa, kada a ɗaure mini haɓa, sai Debora matar Dauda, nas ɗin da ke maƙwabtaka da mu, ta sa abin saurarenta a ƙirjina ta ce an gama. In ina ƙauye, a aiko mota a ɗauke ta. Ba mutuwa nake tsoro ba, ɗiyana. Ina tsoron in yi atishawa a inda ba mai ce mini yarhamukillah. In Debora ta tabbatar, to ku gaggauta yadda addini ya ce.

Na uku. Kulu, ke za ki yi mini wanka. Za ki ji abu mai tauri a ƙarƙashin fata. Ki gaya wa matan Tsafe da za ki zo da su ba laya ba ce. Kada a tsaga ni a ciro ta. Kusan shekara guda tana jin cikina ba ta kai tsegumi ba, ta fi wasu da na sani. Jikoki kuma ku ci gaba da yarda tana ɗaukar gulmar da kuke yi a bayana.

Na huɗu. Ba a bi na bashi, ba na bin kowa. Sai dai mutanen Furfuri sun kawo geron ta'aziyya bara, ni na sha furarsa. Kada a karɓi nasu sau biyu.

Na biyar. Gona da awaki a raba yadda Allah ya raba. Na riga na ba Kulu kwallayena. Rediyo na angona ne Abubakar Sadiƙ, jikan nan da ya aure ni bai taɓa kawo cefane ba.

Na shida. Lukuman, tun ranar da na faɗi ba ka gaisa da ƙanenka Anas ba. Ka ce ya yi saurin binne ni don gona. Ba ka nan. Ni da na buɗe ido, na ga Anas durƙushe yana rungume da ƙafafuna, ya yi kukan da muryarsa ta dushe. Ya yi abin da aka koya masa ne, ba shi da na'ura, ba shi da Debora. Kai ka saya mini abin saurare, shi ya saya mini sutura, kowa da abin da hannunsa ya kai. Likkafaninsa yana ƙasan akwatina, da shi za a rufe ni, kuma kai za ka miƙa wa Kulu shi da hannunka. Kada ka jira ranar. Ka je Kwatarkwashi Juma'ar nan, ku yi salla sahu ɗaya.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu yi muku fiye da yadda kuka yi mini. Ku riƙe zumunci. Ni da aka haƙa wa kabari na dawo, balle ɗan'uwa da ke nan Kwatarkwashi da ransa.

Uwarku,
Halimatu Sadiya