'Yata Ta Ce Ana Ruwan Ƙarfe a Duniyarta

Malama mai fili, don Allah ki taimake ni, hankalina ya tashi. Ni ba mai kai kuka ba ne. Daga sakandare na kama walda da injin aro, yau ƙofofin da shagona ke ƙerawa suna kowace unguwa. Amma wannan ya fi ƙarfina.

Autata tana digiri na biyu. Ta ce yanayi take karantawa, ni kuma na bi abokan sana'a ina shelar cewa 'yata ce za ta riƙa faɗa mana ranar da ruwa zai sauka. Da ta zo hutu sai na ga ta rame, ga ta kullum a kan teburin cin abinci tana kallon wasu layuka masu hawa da sauka a kwamfuta. Abinci ya huce a gefenta, wani lokacin har murmushi take wa layukan.

Ranar nan ƙanena yana zaune, na tambaye ta ko za a yi ruwa gobe, muna da fenti a waje. Ta yi dariya ta ce ba ta san na nan ba, amma a duniyarta ana ruwan narkakken ƙarfe, iska kuma ta fi jirgin sama gudu. "Duniyarta" fa, Malama. Shekara talatin ina cikin ƙarfe, na san wutar da yake sha kafin ya narke. Ban sake tambayarta ba, kada a ce ban gane ba a gaban ƙanena.

Shi ya ce ko dai shafar aljanu ce, ko boko ya taɓa mata kai, in hana ta komawa a nemi magani. Uwarta sai kuka. Ranar Asabar za ta koma. In riƙe ta?

Mai Walda

Mai Walda, kwantar da hankalinka, ka bar ta ta koma. Maganarta ba ta mai taɓin hankali ba ce. Taurarin da muke gani kowannensu rana ce irin tamu, da yawansu kuma suna da duniyoyi masu kewaya su. Idan ɗaya ta gifta ta gaban tauraronta, hasken kan ratsa iskarta, na'ura ta auna shi. Layukan da take kallo ke nan. Masana suna ganin akwai wadda zafinta ke mai da ƙarfe tururi, iska ta kwashe shi zuwa ɓangaren da ya fi sanyi ya zubo. "Duniyarta" kuwa kamar ka ce "ƙofata" ne alhali ta mai oda ce.

Tsoronka ba laifi ba ne, kuma ramar abin dubawa ce. Bincike yana cin mutum. A sa ido kan cinta da hutunta, in ramar ta ci gaba ta ga likita. Ƙanenka ya yi nufin alheri, amma bai tambaye ta ba, kai ma haka.

Kafin Asabar ka ja kujera kusa da ita, ku biyu kawai, ka ce ba ka gane ba, ta nuna maka. Ba za ka ragu a idonta ba. Ina zaton ta daɗe tana jiran wani a gidan ya tambaya. Allah Ya yi mata albarka, Ya sanyaya maka zuciya.