Ɓawon Mangwaron da Kuka Sa Muka Tara Yana Ruɓewa a Mairuwa

Zuwa ga Manajan kamfanin da ke sayen ɓawon 'ya'yan itace a yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ni ce Hajiya Rabi, shugabar matan da ke matse lemon mangwaro a Mairuwa. Na rubuto a fili ne domin wayar wakilinku ta daina shiga.

Na farko, ranka ya daɗe, ba mu muka neme ku ba. Farkon kakar mangwaron bana wakilinku, Malam Sani, ya zauna a zaurenmu ya ce ɓawo da ƙwallon da muke ba dabbobi suna ɗauke da wani sinadari mai hana man girki lalacewa, kuma ku kuna tace shi. Ya ce mu shanya a inuwa, don rana tana kashe sinadarin. Ya yi alkawarin rumfar kwano da motar kwasa kafin ruwa ya sauka.

Na biyu, mun cika namu. Da ƙafata na je Yargoje, na aika saƙo garin Sabuwa, na shawo kan mata suka hana awakinsu ɓawon nan. Ɗakin ɗiyata na kwashe na cika da buhuna.

Na uku, damina ta sauka, ba rumfa ba mota. Malam Sani ya ce hanya ba tsaro. Mun fi kowa sanin halin hanyar nan, amma masu sayen masara suna shigowa ranar kasuwa. Buhunan suka yi hunhuna, wari ya hana mu zama tsakar gida, muka fitar da su bayan katanga. Awakin maƙwabcina, Baba Lawal, suka ci, cikinsu ya kumbura, wata da ke ɗauke da ciki ta mutu. Dattijon da ya riƙe ni tamkar ɗiyarsa, yau in na gaishe shi sai ya kau da kai. Matan Yargoje kuwa sun aiko suna tambaya ko yaudararsu na yi.

Ina roƙon ku turo mota ta kwashe abin da ya saura, ku aiko likitan dabbobi ya duba sauran awakin. Sannan wani babba daga cikinku ya zo ya tsaya gaban matan nan ya faɗa da bakinsa cewa ba ni na ƙirƙiri zancen ba. In kun fasa aikin, ku gaya mana, mu san inda za mu kai ɓawon baɗi.

Allah Ya yi maka jagora, Ya sa ka ji kukanmu.

Wassalam.

Hajiya Rabi,
Mairuwa, Faskari.