Dariyar da Aka Ce ta Dole Ce

Lahadi da dare, Narayi

Barci ya ƙi zuwa. Yau a coci aka yi baikon godiya rukuni-rukuni, kowa ya taka rawa ya kai nasa gaba. Da aka kira matan zumunta, ƙanwata Rifkatu ta miƙe da zanensu iri ɗaya. Ni na zauna, tunda ba ni da aure. Da aka kira 'yan mata, sai ga Ladi, 'yar Rifkatun da na goya da bayana, tana jan hannuna: "Anti, namu ne!" Na bi su, furfurata a ƙarƙashin ɗankwali.

Kuma fa na taka! Na ji daɗi har na manta kaina. Sai a bakin ƙofa shugabar zumunta ta riƙe hannuna: "Sannu da ƙoƙari, 'yata. Mun san dariyar nan ta dole ce. Muna yi miki addu'a."

Ta dole? Tun ɗazu nake juyi a kan katifa, ina lalubar baƙin cikin da ta ce ina ɓoyewa. Da safe dai ba ni da shi. Yanzu kam na samu.